Yadda Ake Sallamar Tsohuwar Motar da Tsatsa Ta Ci da Zaɓen Wadda Za Ta Maye Gurbinta

Ba kasafai inji ke kai tsohuwar mota ƙasa ba. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ana canja ta, kuma duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas zai fito da abin da yake nema. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne gangar jikin motar, wato ƙarfen da inji da ƙafafu da kujeru suke ɗaure a kansa, kuma shi tsatsa take ci. Na sha raka 'yan'uwa da abokan arziki wajen wannan aiki, tun daga duba tsohuwar har zuwa biyan kuɗin sabuwar, kuma abin da nake fara gaya wa kowa shi ne: ba a auna tsatsa da muninta a ido, ana auna ta ne da wurin da ta kama.

Kayan da za ka tanada

- Tocila mai haske sosai. Ta waya tana iya rage zafi, amma ba ta kai wa cikin lungu.
- Sukundireba mai faɗin baki da ƙaramar guduma.
- Maganaɗisu. Idan babu, na tsohuwar sifika ya wadatar, sai a naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti.
- Buroshin waya, da tabarau saboda garin tsatsa da ke zubowa a ido.
- Alli, da littafi da biro, da wayar ɗaukar hoto.
- Ramin gareji ko na wurin wankin mota. Idan babu rami, sai jak tare da ƙafafun ƙarfe na tallafi da kwali ko tabarma.
- Duk takardun motar: na kwastan, na mallaka, lasin da inshora.
- Mutum biyu da ka yarda da su, makanike da mai gyaran bodi, waɗanda ba yaran dillali ba ne.

Gargaɗi tun ba a fara ba: kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, balle motar da ake zargin ƙarfenta ya ruɓe, domin wurin da jak ke kamawa yana cikin wuraren da tsatsa ke fara ci. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba tare da sanarwa ba.

1. Ka san irin ginin motarka

Motoci iri biyu ne a wannan fanni. Akwai masu shasi daban, irin su Hilux da Land Cruiser da Prado, waɗanda aka ɗora bodinsu a kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu kauri. Akwai kuma waɗanda bodin da shasin duk abu ɗaya ne, irin su Corolla da Camry da Accord da Golf da Peugeot 406. A kashi na farko, ƙofa da fuka-fuki, wato fatar ƙarfen da ke rufe saman tayoyi, na iya ruɓewa motar tana nan da ƙarfinta matuƙar shasin lafiya lau yake. A kashi na biyu kuwa, daben motar da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi su ne ƙashin bayanta, don haka huji a wurin ba maganar ado ba ce.

Tsatsa tana buƙatar ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta ta matuƙa. Arewa ƙasa ce mai bushewa, shi ya sa har yau ake ganin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna da jiki garau. Yawancin motocin da ke ruɓewa a hannunmu sun zo da cutarsu ne daga Kanada ko arewacin Amurka ko arewacin Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, ko kuma sun daɗe a bakin teku irin Legas da Fatakwal. Sauran kuwa mu muke jawowa: ruwan batir da ya zuba, buhunan taki ko gishiri a but, fitsarin dabbobi a bayan a-kori-kura, da kafet ɗin da ke kwana da laima duk damina.

2. Ka wanke ƙarƙashinta, ka bari ta bushe

Ka kai ta wurin wanki mai rami a fesa mata ruwa mai ƙarfi ta ƙasa, musamman cikin kwarmin tayoyi inda laka ke maƙalewa. Ka kwashe komai daga but, ka fitar da safaya taya, ka ɗaga kafet gaba da baya. Ka bar ta ta yini a rana. Laka da baƙin mai suna rufe huji, kuma jiƙaƙƙen ƙarfe duk kamanninsa ɗaya.

3. Ka bi ta lungu-lungu

Wannan shi ne babban aikin, kuma ba a yin sa da gaggawa ko da yamma. Tsatsa hawa uku ce. Akwai ta sama, jan ƙura ce kawai wadda idan ka goga buroshi za ka ga farin ƙarfe a ƙasa. Wannan tana jikin kusan kowace mota kuma ba ta tayar da hankali. Akwai wadda ta kumbura fenti ya yi ƙuraje, ko ƙarfen ya fara tashi ɓawo-ɓawo. Wannan ta riga ta shiga jiki, kuma abin da ke ƙasa yakan fi abin da ido ya gani faɗi. Sai ta uku, wadda ta huda.

Ka riƙa ƙwanƙwasawa da guduma a hankali kana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji sautin ya mutu, garin tsatsa yana zubowa. Duk inda ka ji haka, ka ɗora bakin sukundireba ka danna da ƙarfin hannu. Idan ya lotsa ko ya shige, ka zagaye wurin da alli ka ɗauki hoto. Masu mota da yawa suna jin tsoron dannawa don kada su huda motarsu, alhali ƙarfen da sukundireba ta huda da ma babu shi, fenti ne kawai yake riƙe da wurin.

Ka fara da wuraren da ke ɗauke da nauyi, domin su ne za su yanke hukunci. Ka buɗe bonet ka duba kan shokozoba biyu na gaba, inda suke ɗaure da bodi, sannan na baya ta cikin but. Ka shiga rami ka bi dogayen ƙarafan shasi daga gaba har baya, ka tsaya a duk inda aka ɗaure hannun ƙafa ko sifirin ko gadon da inji da sitiyari ke zaune a kai. Ka duba ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi ta ƙasa, ba ta gefe ba, saboda sukan ruɓe ne daga ciki zuwa waje, kuma wasu motocin suna da marfin roba da ke ɓoye su. Ka duba inda aka ɗaure kujeru da bel ɗin kujera a daɓe. A gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake yi a Ingila, ruɓewar da ta raunana ƙarfe a cikin tazarar santimita 30 daga irin waɗannan maɗaurai tana sa mota ta faɗi gwajin. Ma'auni ne mai kyau, kuma shi nake amfani da shi.

Daga nan sai siraran bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya. Na birki ne da na fetur. Waɗannan kada ka ƙwanƙwasa su, ka haska ka shafa da yatsa kawai. Idan sun yi kaushi suna tashi ɓawo, ko ka ga laima a jikinsu, ka ajiye motar daga ranar, domin bututun birki yakan fashe ne daidai lokacin da aka taka shi da ƙarfi. Ka duba ɗamarar da ke riƙe da tankin mai, da mazaunin batir, da ramin safaya taya.

Abu na ƙarshe shi ne fatar waje: ƙasan ƙofofi, bakin kwarmin taya, gefen gilashi. A nan maganaɗisu yake aiki. Ka bi da shi a hankali. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da foti, wato ƙullun da masu gyaran bodi ke cike lotsawa da shi, an shafe da fenti. Ka dai lura cewa bamba roba ce, kuma wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne, wanda da ma maganaɗisu ba ya kama shi.

4. Ka yanke hukunci da lissafi

Idan duk zanen allinka yana kan ƙofa ne da fuka-fuki da marfin but da salansa, motarka ba ta mutu ba. Waɗannan ana kwance su a ɗaura na gwanjo. Gadon inji ma, a yawancin ƙananan motoci, da noti aka ɗaure shi, ana iya canja shi matuƙar wurin da zai kama a bodi yana da ƙarfi. Huji ɗaya a daɓe, nesa da maɗaurai, ana yanke shi a yi faci da ƙarfe mai kauri daidai da na asali.

Amma idan alli ya hau kan shokozoba, ko shasi, ko maɗaurin ƙafar baya, ko kuma ƙarafan ƙarƙashin ƙofa sun ruɓe hagu da dama, shawarata ita ce ka daina zuba kuɗi. Mai walda zai ce maka aikin yini ɗaya ne, kuma ba ƙarya yake yi ba, zai iya rufe hujin. Sai dai walda tana kama lafiyayyen ƙarfe ne, kuma waldar gas da aka fi yi a garejinmu tana ƙona kariyar da ke bayan ƙarfen, inda fenti ba ya kai wa, har tsatsar ta dawo ta gefen facin bayan damina ɗaya ko biyu. Facin da ya yi kyau a ido ba shi ne zai riƙe motar ba ranar da ta faɗa rami tana gudu da iyali a ciki. Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba: huji a daɓe ko a but, idan ya haɗu da salansa mai yoyo, yana shigo da hayaƙi mai guba wanda ba shi da wari, musamman idan an rufe gilasai.

Ka sa mai gyaran bodi ya rubuta maka kuɗin gyara na gaskiya, wato yankewa da walda da fenti, ka haɗa da abin da makanike ya ce motar za ta nema cikin shekara mai zuwa, kamar tayoyi da kayan ƙafa. Sannan ka tambayi dillalai biyu nawa irinta mai lafiya take a kasuwa. Ƙa'idata ita ce, idan gyaran ya haura rabin wannan kuɗi, a sallame ta. Kada ka sa kuɗin da ka kashe mata a baya cikin lissafin. Injin da ka ɗora bara ba ya ƙara wa shasi kauri, sai dai zai ƙara maka kuɗi wajen sayarwa.

Idan ba ka da halin canjawa yanzu, ka gyara bututun birki da yoyon salansa ko ta halin ƙaƙa, ka taƙaita ta ga zirga-zirgar cikin gari ba lodi ba gudu, ka kuma sa wa kanka wa'adi. Wannan sassauci bai shafi motar da maɗaurin ƙafarta ya riga ya huje ba.

5. Ka zaɓi hanyar rabuwa da ita

Hanya mafi sauri ita ce musaya a wurin dillali, ka ba da taka ka yi ciko, amma a nan ake fi taya ta da arha. Za ka iya sayar da ita ɗungurungum ga wanda ya san halinta, kuma a nan wajibi ne ka nuna masa hotunan da ka ɗauka, ka kuma shigar da shi rami ya gani. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, balle aibin da zai iya cin rai. Cika huji da foti a fesa baƙin fenti a ƙasa a kai ta kasuwa ba wayo ba ne.

Motar da shasinta ya tafi, ni na fi son a yanka ta. Idan kana da wurin ajiya da haƙuri, sayar da ita gunduwa-gunduwa yakan fi kawo kuɗi: inji da giya tun suna jiki mai saye ya ji tashinsu, sannan kwakwalwar inji, fitilu, gilasai, ƙofofi, kujeru, kwamfuresan sanyi, lagireto, da tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, wadda ke da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Gangar da ta rage sai 'yan gwangwan su auna a kilo. Ka tsiyaye fetur a cire tanki da batir kafin a kawo wuta kusa da ita. Idan ba ka da wuri, ka kira masu sayen motar yanka biyu ko uku su taya gaba ɗaya, kada ka sallama wa na farko.

6. Ka rufe maganar takardu

Mutane da yawa suna karɓar kuɗi su miƙa makulli shi ke nan, sai bayan shekaru a zo nemansu saboda an yi ɓarna da motar da har yanzu take da sunansu. Ka rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunan mai saye da adireshinsa da lambar shasi da ta inji da kwanan wata, a ambaci tsatsar a ciki, ku sa hannu gaban shaidu, ka riƙe kwafi tare da hoton katin shaidarsa. Idan za a ci gaba da hawanta, ka tabbata an je ofishin lasin an canja sunan mai ita. Idan yanka ta za a yi, ka cire lambobinta ka riƙe takardunta na asali, domin takardun motar da ta mutu su ɓarayi ke nema su wanke ta sata. Kafin a ja ta, ka laluba aljihun gaba da ƙarƙashin kujeru.

7. Ka fayyace irin motar da kake buƙata kafin ka shiga kasuwa

Ka rubuta amsar tambayoyi kaɗan: mutum nawa kake ɗauka, wace hanya kake bi, kuma wace mota makanikan garinku suka ƙware a kanta. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, bambancin inji mai silinda huɗu da mai shida ya zama abin da ake ji a aljihu kowane mako, don haka kada girman mota ya ruɗe ka idan aikinta kai yara makaranta ne. Wanda ke bin hanyar ƙauye da damina ya fi buƙatar tsayin ƙasa a kan kayan alatu. Ka ware wani kaso na kuɗinka, kada ka kashe duka a wajen saye, saboda lamba da inshora da canjin mai da tayoyi suna jiranka.

Sai zaɓi tsakanin 'yar Beljiyam, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita daga waje, da ta hannu. Ta hannu da aka yi shekaru ana hawa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a wurin mutumin da ka sani, takan fi wata 'yar Beljiyam ɗin lafiyar ƙarfe nesa ba kusa ba, ko da kujerunta sun fi tsufa.

8. Ka karanta lambar shasi

Tun daga 1981 lambar shasi ta motocin kasuwar Amurka haruffa da alƙaluma 17 ce. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofa, kuma dole ta zo ɗaya da ta takardu. Na farkonta yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. Na goma yana nuna shekarar samfurin, abin da ke tona asirin motar da aka canja wa fitilu da bamba don ta yi kama da sabon yayi. Sai dai ƙasar ƙira daban, inda motar ta yi rayuwa daban, kuma na biyun ne ya dame mu. Idan daga Amurka ko Kanada ta zo, ka biya a ciro maka rahotonta a intanet daga irin su Carfax. Jihohi kamar Michigan da Ohio da New York, ko lardin Ontario, ƙasar gishiri ce; Arizona da cikin California busassu ne. Idan ka ga kalmar salvage ko flood a rahoton, inshora ta riga ta yanke ƙauna da motar saboda haɗari ko ambaliya. Guguwar Sandy ta 2012 da ta Harvey ta 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Amurka, a gida ma ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta shafe motoci da dama, kuma irin waɗannan ba sa rasa hanyar komawa kasuwa.

Sunan kamfani ba kariya ba ne. Toyota da kanta ta amince a 2016 da sasanci a kotun Amurka kan ruɓewar shasin Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia, kuma Marsandi E-Class ta ƙarshen shekarun 1990 ta yi suna wajen tsatsa.

Game da kwastan, Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, don haka ka kai lambar takardar biyan haraji ofishin kwastan a tabbatar maka kafin ka biya, kada ka tsaya ga kwafin da dillali ya nuna maka.

9. Ka fara dubawa daga ƙasa

Dillali zai so ya tayar maka da inji ya kunna sanyi da rediyo. Ka ce masa rami tukuna. Duk abin da ka yi wa tsohuwar motarka a mataki na uku shi za ka maimaita, sai dai ka nemi izini kafin ka danna sukundireba. Wanda ya hana a shiga ƙarƙashin motarsa ya riga ya ba ka amsa. Ka yi hattara da baƙin feshi sabo mai kauri a ƙasan tsohuwar mota. Ka nemi wurin da feshin bai kai ba, kamar saman gadon ƙafar baya da kawunan noti, ka gwada da sauran. Don gano wadda ta sha ambaliya, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi tabon ruwa, ka haska layin ƙarfen da kujera ke gudu a kai da ƙarafan ƙarƙashin sitiyari, waɗanda ba su da dalilin yin tsatsa, ka ɗaga kafet ka nemi busasshiyar laka, ka kuma yi zargin turaren da ya yi yawa.

Idan ta tsallake wannan, sai makanike ya karɓa: a tayar da ita da sanyin safiya, a duba hayaƙi da baƙin mai da ruwan lagireto, a jona na'urar bincike, a tabbatar fitilun gargaɗi suna kamawa idan an murɗa makulli kuma suna mutuwa bayan tashi, a taka ta a kan kwalta da hanya mai gargada. Ka tuna motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama duk wannan.

10. Ka kare sabuwar tun daga makon farko

A goge duk jan da aka gani a ƙasa da buroshi har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin kariya, sannan a yi feshi. Feshi a kan tsatsa rufe ta kawai yake yi tana ci a ɓoye. Tsohuwar dabarar fesa baƙin mai tana ɗan taimakawa, amma tana lalata robobi tana tara ƙura, don haka man kariya na gwangwani ya fi idan ana samu. Ka sa ruwan lagireto na gaskiya maimakon na rijiya, ka ɗaure batir da kyau, ka shimfiɗa leda mai kauri kafin ka ɗauki taki ko dabba. Ka wanke ƙasanta a tsakiyar damina da ƙarshenta, kuma duk lokacin wanki ka sa siririyar waya ka buɗe ƙananan hujojin da ke ƙasan kowace ƙofa da magudanar da ke gindin gilashin gaba, domin ganyen darbejiya da ƙurar hunturu suna toshe su, ruwa ya kwanta a ciki.